Rakiyar Babura Zuwa Gidan Surukai

"Mutumin da tayar mota ta fashe a kasuwa ya shige ƙarƙashin teburin mai nama, shi ne za ku kira miji?"

Goggo Mariyamu ce ke wannan magana. Tana zaune a tsakar gidan ƙanenta, ta miƙe ƙafafu tana ɓarar gyaɗar da ba ita ta saya ba. Tun hantsi ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta fara, ga shi rana ta take amma ko yawu ba ta tsaya haɗiya ba.

Ummusalma na durƙushe gaban roba tana tace kunun aya. Ta matse ƙyallen tata da ƙarfin da ya fi na kunu.

"Goggo, sau ɗaya fa aka yi haka, kuma an daɗe."

"Sau ɗaya kika ji labari. Wa ya san nawa yake yi a ɗaki? Ke dai so ya rufe miki ido. Yaron nan tun da ya fito daga hannun mutanen daji ba shi kaɗai ya dawo ba, akwai abin da ya biyo shi."

Kalilu ake nufi. Da can babu wanda bai san shi ba a bakin iyakar Jibiya, yaro mai fara'a da ke ɗaura buhuna a babur yana tsallakawa Ɗan Isa ta Nijar, ya dawo yana tsokanar jami'an duwan, wato kwastan ɗin can, da Faransancinsa na gangan. Wata ranar damina 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Gangara, suka shiga daji da shi. Sai da aka yi girbi ya dawo, a rame, da tabon igiya a wuyan hannu. Tabon ya warke, jiki ya ciko, amma tun daga nan bai sake hawa babur ba. Ya koma rumfar albasar yayansa ya zauna. Shi ke nan fa, mutanen gari suka samu abin taunawa.

"Ga Abdulfatah ɗan'uwanki," Goggo ta ci gaba, don dama nan ta dosa tun farko. "Yaro lafiyayye, jarkokin mansa kullum a hanyar Maraɗi. Ranar da ya zo gaishe da babanki motoci nawa kika gani a ƙofar gidan nan?"

"Ban leƙa ba."

"Kin leƙa, munafuka."

Abdulfatah ɗan Goggon ne na cikinta. Wannan kuwa ba ta taɓa ganin ya shafi maganar ba, ita a ganinta gaskiya kawai take faɗa.

Sallamar Malam Sadisu ce ta katse su. Mahaifin Ummusalma dogon mutum ne marar yawan dariya, dillalin hatsi, wanda ko tari ya yi a zaure sai yaran gidan sun gyara zama. Ya tsaya ya dubi yayarsa, ya dubi ɗiyarsa.

"Yaya, maganar nan na riga na yanke ta. Ban tilasta wa kowa ba. Yaron zai zo gaisuwa yau da la'asar, zan zauna da shi in gani da idona. In hankalinsa ɗaya ne, to. In na ga abin da bai kwanta mini ba, a haɗa masa kayansa a mayar, kuma kada wanda ya sake tayar mini da zancen."

"Baba," Ummusalma ta ce, kanta a ƙasa, "ba taɓin hankali ba ne. Firgici ne. A asibiti an ce..."

"Ni ban san wani firgici ba. Mu ba a kore mu daga garinmu ba? Ba da rigar jikinmu muka shigo Jibiya daga bayan Mazanya ba? Mun ga abin da muka gani, muka ce Allah ya isa, muka kama sana'a. Ga ni nan garau. Namiji in ya ga abu haɗiyewa yake yi."

Ya shige ɗakinsa. Goggo ta watsa gyaɗa a baki tana gyaɗa kai, kamar ita ta rubuta masa.

Takaici ya ishi Ummusalma. Ta ɗauraye hannu, ta zari wayarta ta zagaya bayan garken awaki, inda babu mai jin ta sai akuya.

Sai da ta kira har sau biyu ya ɗauka.

"Kalilu, ka shirya?"

Tana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Salma, na kwana ina tunani. Anya ba haƙura zan yi ba?"

Ta cire wayar daga kunne ta kalle ta, ta mayar.

"Mi ka ce?"

"Kada ki ɗauka da zafi. In abin ya taso mini a gaban Baba fa? Gara in janye da mutuncina, da a ce an kore ni ana nuna ki a titi."

"Wallahi Kalilu kun ishe ni! Goggo ta ishe ni, Baba ya ishe ni, matan layin nan da ke kawo mini hayaƙi da layu in kai maka sun ishe ni, yanzu kai ma ka biyo sahu? Lokacin da kake daji ni na haƙura? Kullum sai an zo an ce mini in cire rai, ban cire ba. Sai yanzu da kake nan cikin gari, ina jin muryarka, za ka ce mini ka haƙura?"

Hawaye suka zubo mata, ta share da haushi, don ba ta so kukan ya rage mata ƙarfin faɗa.

"Ki yi haƙuri."

"Ba zan yi ba! Kowa haƙuri, haƙuri. Kai da bakinka ka ce mini kana samun sauƙi. Ko ƙarya ka yi mini?"

"Ban yi miki ƙarya ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Malama Zaituna ta asibiti ta ce ba hauka ba ne, ba kuma aljani ba ne. Ta ce jikina ne ya koyi zaman tsoro a daji, har yanzu bai samu labarin an dawo gida ba. Shi ya sa da na ji ƙarar babura da yawa sai in ga kamar ina can, har warin wurin nake ji. Ta ce sannu a hankali ake sanar da jiki."

"To?"

"To ina yi. Muna zama da waɗanda su ma aka taɓa kamawa, kowa ya faɗi nasa. Ranar farko ko baki ban iya buɗewa ba. Kuma kin san garejin masu gyaran babura na bakin tasha? Da ko ta layin ba na bi. Na fara tsayawa daga nesa, na matso, na matso. Shekaranjiya a kan bencinsu na zauna har suka tayar da mashin biyu. Gumi ya jiƙa ni, amma ban tashi ba."

Ummusalma ta jingina da bangon garken. Fushin ya sauka, sai tausayi, sai kuma wani sabon fushin.

"Shi ne ba ka gaya mini ba sai yau?"

"Kunya nake ji. Ƙato da ni ina murnar na zauna a benci."

"To ni ina murna. Ka ji? Ina murna ƙwarai. Ka sa rigarka ka zo. Da wa za ka taho?"

"Da Uwaisu kaɗai. A ƙafa."

"Ka gaya masa a ƙafa?"

"Na gaya masa."

Uwaisu amininsa ne tun suna yara, shi ne kuma shugaban 'yan kabu-kabu na bakin iyaka. Mutum ne da zai iya cire rigarsa ya ba ka, amma in ana rabon tunani to yana can yana wanke babur. Kalilu bai taɓa zama ya faɗa masa abin da ke damunsa ba, don tsakanin maza ba a irin wannan hira. Da Uwaisu ya ji an ce a ƙafa, abu ɗaya ya fahimta: abokinsa ba shi da abin hawa, kunya ce ta hana shi roƙo. Ga shi kuma labarin motocin Abdulfatah ya karaɗe tasha. Uwaisu ya ɗauki abin a matsayin cin fuska ga duk mai babur a Jibiya.

Ana idar da sallar la'asar Kalilu ya yi sallama a ƙofar gida, shi kaɗai. Uwaisu ya ce masa ya yi gaba, yana nan tafe.

Ummusalma ta laɓe a bayan ƙofar zaure ta ciki, inda katakon ya ɗan tsage. Ta gan shi cikin babbar riga ta shadda ruwan toka, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa da tabarma. Gabanta ya faɗi don so, ya sake faɗuwa don tsoro.

Malam Sadisu na kan buzunsa, da dattawan unguwa biyu a gefe. Abdulfatah ma ga shi nan a kusurwa yana kaɗa makullin mota, wai wucewa ya zo yi ya ga bai kamata ya wuce bai gaishe da kawunsa ba.

Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Sannan Malam Sadisu ya gyara murya.

"An ce mini kana zuwa asibiti wurin masu duba ƙwaƙwalwa."

"Ina zuwa, Baba."

Abdulfatah ya yi wani ɗan murmushi ya dubi rufin zaure.

"Mi ya kai ka? Mu da muka ga tashin hankali addu'a muka riƙe."

"Ni ma ina riƙe da ita, Baba. Ita malamar ma cewa ta yi kada in sake ta. Amma na ga wanda ya karye yana addu'a, kuma yana zuwa wurin mai ɗori. Nawa raunin a ciki yake, shi ne bambancin."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Hakane kuma." Malam Sadisu ya ɗan daɗe yana kallon yaron. Ummusalma ta san wannan kallon, irin wanda yake yi wa gero ne in ya fara tunanin saye. Ta juya da sauri ta ɗauko tiren kunun aya, zuciyarta fes.

Tana tsakiyar tsakar gida ta fara jin sa.

Da farko kamar gurnanin hadari daga nesa. Kafin ta ajiye ƙafa ta biyu ya cika layin. Babura ne, ba biyar ba, ba goma ba, suna tafe a jere da gudu, suna murza wuta, wasu na buga salansa tas! tas! tas! kamar harbi. Kowane babur mutum uku, sun naɗe fuskokinsu da ƙyalle irin na masu doguwar hanya.

Jama'a, a Jibiyar yanzu! Ko yaron goye ya san su wa ke shigowa gari a haka.

"Ga su nan! Sun shigo!" wata mata ta ƙwalla daga maƙwabta.

Ai kuwa unguwa ta hargitse. Mai tuyar awara ta bar kaskonta a wuta. Ƙofofi suka riƙa bugawa. Tiren ya suɓuce daga hannun Ummusalma, kunu ya malale a ƙasa. Goggo Mariyamu, wadda kullum ciwon gwiwa ke hana ta tashi ta ɗauki buta, sai ga ta ta riga kowa shigewa ɗakin Inna, mahaifiyar Ummusalma, ta danno ƙofa. Abdulfatah ya ratso tsakar gidan mata babu ko sallama, ya taka turmi ya haye katanga, ya bar takalmi ƙafa ɗaya.

Ummusalma ta tsaya cak. Sai ta ji ƙarar ta tsaya daidai ƙofar gidansu, aka hau busa oda, aka hau tafi, wata murya da ta sani ta ɗaga sama:

"Ango! Ango ya sha ƙamshi! A gaya wa masu motoci Kalilu ma yana da jama'a!"

Uwaisu.

Da a ce tana da taɓarya a hannu a wannan lokacin, da Uwaisu ya kwana a asibiti. Ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Innalillahi, wannan wane irin sakarai ne!"

A hankali mutane suka fara leƙowa. Wasu na zagi, wasu na dariyar da ba ta kai ciki ba. Dattawan nan biyu suka fito daga bayan tulin itace suna kakkaɓe riguna, suka yi waje suka rufe Uwaisu da faɗa. Ummusalma ta faɗa zaure. Babu kowa. Buzun Baba a yamutse, hularsa a ƙasa. Kalilu ma babu shi.

Shi ke nan, ta ce a ranta, an gama da mu.

A jikin zauren akwai ƙofar ɗakin ajiyar hatsi, wanda Baba ke kira mangaza irin na abokan cinikinsa na Maraɗi. Ta ga ƙofar a ɗan buɗe. Ta tura a hankali, ta shirya ganin Kalilu a dunƙule a bayan buhuna.

Akwai mutum a dunƙule a bayan buhunan gero, amma ba Kalilu ba ne.

Malam Sadisu ne. Ya manne da bango, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi, jikinsa na kaɗawa. Idanunsa a buɗe suke amma ba ɗakin yake gani ba. Yana magana ƙasa-ƙasa da wata muryar da ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

"Zunnuraini, kwanta. Kwanta na ce! Kada ka ɗaga kai. Zunnuraini..."

Sunan ƙanensa ne, wanda aka baro a ƙauye ranar da suka gudo. Tun da suka zo Jibiya ba a taɓa ambaton sunan a gidan ba.

Kalilu na durƙushe a gabansa. Shi ma gumi ya wanke masa fuska, leɓɓansa na rawa, hannunsa na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Amma ya kama hannuwan dattijon ya riƙe gam.

"Baba, Kalilu ne. Muna Jibiya, a mangazarka. Ba su ba ne, abokaina ne marasa hankali. Baba, taka ƙasa da ƙafarka, ka ji siminti? A can babu siminti. Ja numfashi tare da ni. A hankali. Sake shi. Yauwa. Sake ja."

Ya kamo hannun dattijon ya tura shi cikin wani buɗaɗɗen buhu.

"Mi ka taɓa, Baba? Faɗa mini."

Can dattijon ya ce, "Gero."

"Na ina ne? Kai ka san hatsi, ni ban sani ba."

Yatsun suka motsa a cikin buhun, suka murza. "Na... na Gangara ne. Sabo."

"To ka gani. Muna gida."

Ummusalma ta toshe bakinta da mayafi. Abubuwa suka riƙa dawo mata: yadda Baba ba ya taɓa zama ya ba ƙofa baya, yadda yake tashi daga cin abinci in yara suka buga ƙwallo a jikin ƙyaure, faɗan da yake yi babu dalili duk ranar da aka fara girbi. Shekara da shekaru suna cewa halinsa ne.

Sannan idonta ya sauka ƙasa, ta ga abin da babu ɗiyar da ke son ta gani a jikin mahaifinta. Wandonsa ya jiƙe, har ya bi siminti.

Kalilu ma ya gani. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya haɗa da 'yar cikin ya lulluɓe dattijon tun daga kafaɗa har ƙasa. Daidai nan Malam Sadisu ya dawo hayyacinsa sosai. Ya dubi kansa, ya dubi wanda ke gabansa, ya kawar da fuska zuwa bango. A ƙasar nan suruki ko cin abinci ba ya yi a gaban surukinsa, balle wannan.

"Salma," Kalilu ya ce ba tare da ya kalle ta ba, "akwai ƙofa ta baya?"

"Akwai, tana fita bayan ɗakinsa."

"Bi da shi ta nan. Kuma ki rantse mini ba ki ga komai ba."

"Kalilu, in ka fita a haka..."

"Ki rantse."

Ta rantse, tana kuka. Ta kama mahaifinta suka fita ta baya, ta kai shi ƙofar ɗakinsa, ta ajiye masa buta. Bai dube ta ba. Ta dawo da gudu, amma kafin ta iso aikin gama ya gama.

Zauren ya cika. Dattawa sun dawo, maƙwabta na leƙe ta ƙofa, Uwaisu na tsugune ya yi tsuru-tsuru. Abdulfatah ya zagayo ta titi da takalmi ƙafa ɗaya. Goggo Mariyamu ta tsaya a bakin ƙofar ciki ta riƙe ƙugu. A tsakiyarsu ga Kalilu, daga shi sai singileti da wando, jiƙe da gumi.

"Ina rigarka?" Goggo ta tambaya.

"Na firgita ne, Goggo. Ban san inda na yar da ita ba."

"Ina mai gidan?"

"Shi ya bi ni mangaza ya riƙe ni har na dawo hankalina. Ya shiga ya sake alwala."

Goggo ta tafa hannu ta juya ga jama'a. "To kun ji da kunnenku! Kowa nan ya tsorata, ban ce ba a tsorata ba, amma wa ya tuɓe? Mutum ya zo gaishe da surukai ya yi tsirara! Gobe in ya tuɓe a kasuwa, ɗiyarmu ce za ta bi shi da zane?"

"Goggo, ke ma fa har sakata kika sa," Ummusalma ta ce. "Shi kuma Yaya Abdulfatah katanga ya..."

"Rufe mini baki! Gudun ceton rai daban, hauka daban."

"Ni dama zagayawa na yi in ga ko su nawa ne," in ji Abdulfatah.



Uwaisu ya ɗago kai, idonsa ya yi ja. "Don Allah laifina ne. Ni gata na so in yi masa. Kalilu, mi ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ba komai, Uwaisu."

Ba komai! Ummusalma ta ji kamar ta kama su duka ta girgiza. Gaskiya na nan a bakinta, cike, tana neman fita, rantsuwa ta danne ta. Ta dubi Kalilu da idon roƙo, ya girgiza mata kai kaɗan. A ranta ta ce, wannan wane irin mutum ne Allah ya haɗa ni da shi, zai kashe aurenmu da hannunsa don ya rufa wa wanda ya kira shi mahaukaci asiri. Ba ta taɓa jin haushinsa irin na wannan lokacin ba, ba ta kuma taɓa son sa haka ba.

Ɗaya dattijon ya yi gyaran murya. "To, Malam Sadisu dai ya faɗi sharaɗinsa tun farko. Yaro, sai haƙuri. Allah ya ba ka lafiya."

"Hauwa'u!" Goggo ta ƙwala wa Inna kira. "Fito da akwatin kayan nan da suka kawo, tun abokan nasa na nan su ɗaura a babur."

Kalilu ya sunkuya ya ce, "Na gode." Ya juya zai nemi takalminsa.

"Tsaya."

Malam Sadisu ne a bakin ƙofa. Ya sake kaya, amma bai sa hula ba, abin da ba a taɓa gani ba. A hannunsa ga shaddar nan ruwan toka a naɗe. Goggo ta matsa masa ya wuce tana cewa, "Yauwa, ka ga abin da nake faɗa maka tun safe, ai ga..."

"Yaya, ki yi shiru."

Ta yi shiru, don mamaki.

Ya tsaya a tsakiyar zauren. Ya buɗe baki ya rufe. Da ya ga dama ya miƙa rigar kawai ya koma buzunsa, babu mai sani har abada, yaron da kansa ya share masa hanya.

"Ƙarya yake yi," ya ce.

Kalilu ya ɗago da sauri. "Baba, don Allah..."

"Ka yi naka, bar ni in yi nawa." Ya juya ga dattawan. "Ba ni na riƙe shi ba. Shi ya riƙe ni. Ni ne na fita hayyacina, ban san inda nake ba. Rigar nan a jikina ya sa ta, ya rufa mini asiri a halin da ba zan iya faɗa muku ba. Shi ma jikinsa na ɓari, amma bai sake ni ba."

Makullin Abdulfatah ya daina kaɗawa.

"Na ce namiji haɗiyewa yake yi. To na haɗiye, ga inda ya kai ni. In abin da ke jikin yaron nan hauka ne, ni na riga shi kamuwa, kuma shi ya fi ni, don ya nemi magani." Ya miƙa wa Kalilu rigar da hannu biyu. "Ka ce wa manyanka su zo a sa rana. Na ba ka Ummusalma."

Ummusalma ta zame ta zauna a bakin ƙofa, kuka ya ƙwace mata gaba ɗaya. Daga waje wani ɗan kabu-kabu da ya jiyo ya ɗora hannu a oda, Uwaisu ya yi tsalle ya fita yana ihu, "Kai! Wanda ya sake ya taɓa, sai na karya shi! Kowa ya tura babur ɗinsa da hannu!"

Malam Sadisu bai koma kan buzunsa ba. Ya zauna a tabarma, dab da Kalilu, kafaɗa da kafaɗa, ko a jikinsa. Ya ɗaga kai ya dubi yayarsa da ke tsaye baki buɗe.

"Yaya, zauna. Tun da muka zo garin nan ba ki taɓa tambayata yadda Zunnuraini ya rasu ba. Ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Fuskar Goggo Mariyamu ta sauya. Hannun da ke ƙugu ya sauka. Ta laluba bango ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Dattijon ya ja dogon numfashi, ya sake shi a hankali. Kalilu ya ɗora hannu a kan nasa.

"Da hantsi ne," Malam Sadisu ya ce. "Muna gona ni da shi, muna ɗaurin gero."